Kada Ki Dawo a Watan Oktoba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Al-Sadd, Doha,
Ranar Laraba, bayan Azahar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ki lafiya a Turin ta ƙasar Italiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya yalwata mata kabarinta. Amin.

Zan sa takardar nan a aljihun jakarki ta hannu, kusa da fasfo, domin ki same ta gobe bayan jirgi ya tashi. Na san za ki ce a ranki: mutumin da ƙofar ɗakinsa take kallon tawa, me ya hana shi faɗa da baki? Na gwada. Shekaranjiya na tsaya a ƙofarki kina ninke kaya, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kin auna nauyin akwatin?" Kika ce kin auna. Na juya. Yau ma wannan ne karo na huɗu da na fara rubutun. Na fara a tebur, na koma falo, na sauka ƙasa na zaga bayan gini cikin zafin Agustan nan har rigata ta jiƙe, na sake hawowa. Kin fita da ƙawarki neman rigar sanyi, saboda haka ina da sa'a biyu, wataƙila uku.

Ga dalilin rubutun. Ranar Lahadi kin ba ni takardunki in buga miki a ofis, kuma a cikinsu akwai tikitin jirgi. Na ga ranar tafiya, na ga ranar dawowa: tsakiyar Oktoba, mako bakwai kacal. Karatun zanen gine-gine shekara uku ne, hutun farko kuma sai ƙarshen Disamba. Da na tambaye ki muna cin abinci, kika ce, "Abba, zuwa zan yi in gani. In na ji ba ka cin abinci, sai in dawo." Na ce, "To." Ke da bakinki kika gaya mini cewa makarantar ta ajiye miki gurbinki shekara guda saboda rasuwar mahaifiyarki, kuma ba za ta sake ajiyewa ba. Idan kika dawo a Oktoba, karatun ya tafi ke nan. Wannan "to" da na ce ita nake so in janye.

Kin san aikina tun kina rarrafe. Ina koyar da Faransanci, kuma fiye da shekara ashirin ina tara kayan wani littafi da har yau ban gama ba, a kan kalmomin rai da rayuwa a Latin da harsunan da ya haifa: Faransanci, Italiyanci, Sifaniyanci, Fotugisanci da harshen Romaniya. Akwatunan kati da kika girma kina gani a ɗakin karatu, waɗanda na hana ki taɓawa, su ne. Kowane kati kalma ɗaya, da asalinta, da inda ta bi. Vivere, yin rayuwa. Vita, rayuwar kanta. Vivus, mai rai, wanda ya zama vif a bakin Faransawa, vivo a bakin Italiyawa da Sifaniyawa, viu a bakin mutanen Romaniya. Ina iya bin kalma ɗaya shekara dubu biyu ba ta ɓace mini ba. Ban faɗi haka don alfahari ba. Na faɗa ne domin ki gane cewa kurakuran da zan ambata ba na rashin sani ba ne.

Bari in fara da mai nisa, shi ya fi sauƙin faɗa. Lokacin da nake ɗalibi a Faransa, na yi haya a saman gidan wata tsohuwa wadda mijinta ya rasu. Kusan kowace Lahadi sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in sauko mu ci abinci. Kullum sai in ce ina da karatu. Gaskiyar magana tsoro nake yi kada a sa mini naman alade ko giya a gaba, kuma ina jin kunyar in faɗa. Shekara uku muna haka. Ranar da zan bar gidan ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, na san takunka sarai, amma ban san muryarka ba." Sai maƙwabcinta ya gaya mini cewa tun makon farko ta je ta tambayi wani mai shago Balarabe abin da Musulmi suke ci, kuma kifi take saya duk ranar da za ta kira ni. Na dawo gida da digiri da Faransanci mai tsabta, ban san ɗanɗanon abincin gida ko ɗaya na ƙasar ba.

Ke kada ki yi haka. In mutanen kirki suka gayyace ki, ki faɗi abin da kike ci da abin da ba kya ci, a fili, ba tare da kame-kame ba, sannan ki je. Addininki ba abin ɓoyewa ba ne, ba kuma katanga ba ce da za ki laɓe a bayanta don gudun mutane. Ki riƙe sallarki. Lokutan za su rikita ki da sanyi, domin rana gajeriya ce, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa. Ki tsara laccocinki da sanin haka. Ki nemi masallaci tun makon farko, ki san matan da suke zuwa.

Na tashi na sha ruwa, na duba ko na'urar sanyi ce take wannan ƙarar. Ba ita ba ce. Bari in ci gaba.

Kina tuna Juma'ar gidan nan. Mahaifiyarki ta fara ta ne da mutum biyu, shekarar da muka zo Doha: Malam Sale, direban nan mutumin Gumel da ya ɗauko mu daga filin jirgi, da wani abokinsa mai gadi. Ta ji sun ce rabonsu da tuwo wata takwas, sai ta ce su zo bayan masallaci. Kafin shekara ta zagayo, falon nan ba ya ɗaukar mutane. Daga unguwar Najma suke zuwa, wasu har daga Sanaiya, unguwar masana'antu, cikin bas, direbobi da masu gadi da masu aikin gareji. A shimfiɗa tabarma, a kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, a yi ta musu a kan ƙwallo da siyasar gida da wanda kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya fi na kowa tsiya. Ni kuwa in fito in gaisa, in ɗauki kwanona in shige ɗakin karatu in rufe ƙofa, domin Juma'a ce kaɗai ranar da nake samun sararin rubutu. Hayaniyar tana damuna. Na sha gaya mata.

Wata Juma'a ta turo ƙofa, hannunta da ludayi, ta ce, "Farfesa," kin san ba ta kirana haka sai za ta tsokane ni, "fito ka ci tuwo cikin mutane. Matattun Turawan nan naka ba inda za su."

Na ce, "Ina tsakiyar wani abu mai muhimmanci."

"Me ya fi tuwo muhimmanci?"

Na nuna mata katin. Kalmar convivium ce. Na yi mata bayani, har da ɗaga yatsa, cewa Rumawa in za su ce an taru ana cin abinci, kalmar da suke amfani da ita asalinta rayuwa tare take nufi. Cewa vivanda ta Italiyawa, wato abincin da aka kawo gaban mutum, daga saiwar nan take. Haka vivienda ta Sifaniyawa, wato gidan zama. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "To, Allah Ya ba da sa'a. In ka gama rubuta shi, yana nan a falo, ya kusa hucewa." Ta ja ƙofa. Na ji ta faɗi wani abu a waje, falon ya kwashe da dariya. Na ji haushi, na ci gaba da rubutu. Babin ya yi shafi talatin, kuma ina ganin shi ne mafi kyau a littafin.

Shawarata a nan gajeriya ce. Za ki shiga sana'ar da ake zana ɗakunan da mutane za su zauna. Za ki so aikin, na ga yadda kike manta kanki a kan takarda, irina ce ke a wannan. In kika ji ana dariya a ɗakin da ke kusa kuma kina da halin tashi, ki ajiye fensir ki tashi. Zanen zai jira ki.

Abin da ke biye ya fi nauyi, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Da ciwon mahaifiyarki ya tsananta, na mai da kaina mai kula da takardu. Ina karanta sakamakon kowane gwaji, ina gane kalmomin likitoci tun daga saiwarsu, ina yi musu tambayoyin da har wani ya tambaye ni ko ni ma likita ne. Na tsara mata lokacin magani da na barci da na baƙi. Na rage masu zuwa dubiya. Na hana yaji. Wata rana a asibiti ina tsaye a gefen gado ina duba wata takarda, ta ce, "Malam, ajiye wannan abin ka dube ni. Ni ce a nan, ba a can ba." Na dube ta, na yi murmushi, na koma kan takardar domin akwai lambar da ban gane ba.

Sau uku ta roƙe ni in kai ta bakin teku mu shiga jirgin katakon nan da yake zagayawa da mutane da yamma. Shekarunmu a Doha ba mu taɓa shiga ba. Na farko na ce iska za ta yi mata yawa. Na biyu na ce a bari a ga gwajin mako mai zuwa. Na uku ta ce, "Yalla, mu je mana, Malam, ko rabin sa'a ne." Na ce sai ta ƙara ƙarfi. Ba ta sake tambaya ba. A cikin akwatunana akwai kalmar vivarium, wurin da Rumawa masu hali suke killace dabbobi ko kifaye, a ba su abinci, a tsare su, su dai kasance da rai. Ban taɓa kawo kalmar a raina ba a lokacin. Yanzu kusan kullum sai ta zo.

Ban ce da na kai ta da ta ƙara kwana ɗaya ba. Kwana na Allah ne, kuma na yarda da hukuncinsa. Amma rabin sa'ar nan tana hannuna, ni na hana. Saboda haka, Ummi, duk wanda Allah Ya sa kulawarsa a hannunki, miji ne ko ɗa ko ni kaina in tsufa ya kama ni, ki tambaye shi abin da yake so, ba abin da ya kamace shi kaɗai ba. Kuma ki lura, abin da na yi mata shi kike shirin yi mini da tikitin nan, sai dai ke kanki za ki killace tare da ni.

A kan duwatsun kaburburan Rumawa ana yawan rubuta vixit, wato ya rayu, sai a biyo da adadin shekarunsa. Na sha koya wa ɗalibai wannan ina jin daɗin kaina. Kabarin mahaifiyarki lamba ce kawai a kansa, yadda ake yi a nan, kuma hakan ya wadatar. Amma ranar da aka binne ta, mutanen da suka cika sahu ban san sunan rabinsu ba. Wasu sun bar aiki ba izini. Wani saurayi mai gadi ya tsaya yana kuka kamar uwarsa ce. Ni ban yi kuka ba. Na karɓi gaisuwa kwana uku, rana ta huɗu na shiga aji na yi lacca, abokan aiki suna yaba ƙarfin halina.

Juma'ar da ta biyo bayan kwana arba'in da rasuwarta, Malam Sale ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yana riƙe da leda, kuka da daddawa da wani ya kawo masa daga gida. Mutum huɗu suna tsaye a bayansa wajen lif. Ban matsa daga bakin ƙofa ba. Na ce, "Malam Sale, an gode ƙwarai. Amma wannan abin khalas, ya ƙare, mai yin sa ta tafi." Ya dube ni, ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri, Dakta." Ya ajiye ledar a ƙasa suka juya. Kina tsaye a kicin, kin riga kin jiƙa shinkafa. Na gani. Na koma ɗakin karatu.

Bayan haka da kamar mako biyu, da yamma, ina ɗakin karatu na ji kina waya da ƙawarki. Ta faɗi wani abu, kika yi dariya, irin dariyar mahaifiyarki mai farawa a hankali ta ƙare da tari. Na tashi na zo ƙofarki na ce, "Ummi, a rage murya." Kika ce, "Yi haƙuri, Abba." Yau shekara guda ke nan ban sake jin dariyarki a gidan nan ba. Ina so ki san cewa ba fushi na yi ba, kuma ba ki yi rashin kunya ba. Muryar ce ta zo mini kamar tata, na kasa jurewa. Maimakon in shigo in zauna kusa da ke in gaya miki haka, sai na ba da umarni, domin umarni na iya. A cikin duk abin da na rubuta a nan, wannan nake neman ki yafe mini.

Inda za ki, akwai kalmar da za ki riƙa ji: vivace. Suna faɗa wa yaro mai kazar-kazar, da launi mai haske, da hira mai daɗi, da kiɗa mai sauri. Akwai allegra, wadda ta fito daga kalmar Latin ta mai kuzari, mai saurin tashi, ta koma mai fara'a. In wani malami ko wata tsohuwa a kasuwa ta ce miki haka, yabo ne, ki karɓa. Kina yarinya kin kasance haka: ba kya tafiya sai da tsalle, ba kya barin baƙo sai kin san sunan garinsu. Ni nake cewa rawar kai ce, mahaifiyarki tana cewa, "Ƙyale mini 'ya, walwala ce." Ita ce da gaskiya. Kamun kai abu ne mai kyau, kuma ina so ki riƙe shi a ƙasar mutane: ki san da wa kike tafiya, ki san lokacin komawa ɗaki, kada ki bari a raina ki. Amma kamun kai dabam, mutuwar zuciya dabam. Na daɗe ina ɗaukar ta biyun a matsayin ta farko, kuma mutane suna yaba mini.

Yanzu ga amsar damuwarki ta wa zai sa in ci abinci. Jiya bayan La'asar, da na ce miki zan je ofis, ba ofis na je ba. Tasi na hau zuwa Najma. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ginin, a saman wani shagon canji. Su shida ne a ɗakin, gadaje a kan gadaje. Malam Sale yana zaune yana yanke farce. Da ya gan ni ya miƙe.

"Dakta? Lafiya? Ko ɓatan hanya ne?"

Na ce, "Haƙuri na zo bayarwa. Kuma ina so ku dawo ranar Juma'ar nan, in kun yarda."

Wani daga gadon sama ya leƙo ya ce, "Wa zai tuƙa tuwon? Mun ji 'yar gidan za ta tafi Turai."

Na ce, "Ni."

Mai gadon saman ya ce, "To, jama'a, kowa ya taho da maganin ciki."

Malam Sale ya ce masa, "Kai, rufe mana baki, ɗan Haɗeja, kai da ko shayi ba ka iya ba." Sannan ya juyo gare ni. "Dakta, tuwo ba da turanci ake tuƙa shi ba. Shekara tara ni nake dafa wa waɗannan marasa godiyar. Kai dai sayi shinkafa da nama, ni zan shiga kicin. Amma da sharaɗi."

Na ce ina ji.

"A tabarma za ka zauna, kwano ɗaya da mu. In ka ɗauki naka ka shiga ɗakin littattafan nan, wallahi mu ma mu ɗauki takalmanmu."

Na ce na yarda. Suka hana ni tafiya sai da na sha shayi, a kofin da ba shi da mariƙi. Na zauna a bakin gadon wani na kusan sa'a guda, ana gardama a kan wanda ya fi munshari.

Ban ce miki na warke ba. Ban sani ba ko zan iya zama har a gama cin abincin. Ƙafafuna ba sa son zama wuri ɗaya tun da ta tafi. Ban sani ba ko littafin zai ƙaru. Abin da na sani shi ne ciyar da ni ba aikinki ba ne, kuma ban haife ki don ki zama mai gadina ba.

Saboda haka ga umarnina, kuma ina fatan shi ne na ƙarshe irinsa. Makon da kika sauka, ki mai da ranar dawowar nan zuwa hutun Disamba. Da hannunki za ki yi, ba zan yi miki ba. Sannan ki saurara da kyau. Na san kaina. Akwai ranar da zan kira ki muryata ba daɗi, in yi ta zagaye-zagaye, in ce gidan ya yi girma, wataƙila ma in fito fili in ce ki dawo. Za ki ji nauyi, domin ba ki taɓa saɓa mini ba. A wannan abu ɗaya, ki saɓa. Ki gaishe ni, ki tambaye ni abin da na ci, ki ba ni labarin ajinku, ki ajiye waya ki tafi lacca. Na yafe miki wannan saɓawar tun yau, duniya da lahira, kuma na rubuta da hannuna domin ki riƙe shaida a kaina. Ba na so ki tafi, Ummi. Ki tafi.

Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya tsare mutuncinki da imaninki da lafiyarki, Ya buɗe miki ƙirji ga karatu, Ya sa ki ga alheri a wurin baƙi, su ma su ga alheri a wurinki. Allah Ya kai rahama kabarin wadda ta haife ki. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.